Jimlar Farfesa Maniru Mai Alama Ashirin da Bakwai

Ranar walimar Farfesa Maniru, Bahijja ta shiga motar Shagari daga Dingyadi da takarda ɗaya a jaka, ta ninke ta huɗu. Mahaifinta Malam Yahaya yana gaba kusa da direba, ya sha babbar rigar da ba ta ganin rana sai da Sallah. Bakinsa ya ƙi rufuwa, wai shi manomin albasa ne Farfesa guda ya aiko wa kati har gida.

Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a hannun mutumin. Fanninsu latis, wani reshe na lissafi da ya tsayu a kan ƙa'idoji shida. Masana sun daɗe da gano cewa ana iya dunƙule shidan su koma jimla ɗaya, kuma mafi gajartar da aka sani tana da alama ashirin da tara. Maniru, yana Dakta a lokacin, ya ɗaura ɗamarar sai ya rage ko da biyu ne. Kwamfuta ke aikin, da manhaja biyu. Ta farko tana neman hujjar cewa duka shidan suna fitowa daga jimlar da aka ba ta. Ta biyu kuwa sana'arta musu: tana laluben ɗan jadawalin da ya bi jimlar sau da ƙafa amma ya karya ɗaya daga cikin shidan. Da zarar ta samo shi, jimla ta mutu.

Dubban jimloli suka mutu a haka, har aka tsira da wata mai alama ashirin da bakwai. Manhajar hujja ta fitar da ƙa'ida huɗu daga cikinta, ta cije a kan biyu. Wata safiyar Litinin Dakta ya shigo ya ce a kashe mai musun, wai tana cinye ƙarfin na'ura. Bahijja ba ta kawo komai a ranta ba, don ta san mutumin ko ɗalibi ba ya ƙaunar ya ce masa "amma", balle ƙarfe. Kafin wata uku ya aika takarda mujalla, ya shiga rediyo ya yi ta zuba, ya ce ƙa'idoji biyun da suka rage jiran lokaci ne kawai. Ana haka ƙarin girmansa ya fito.

Ita dai zuciyarta ta ƙi kwanciya, domin kundinta kacokan a kan jimlar nan ya zauna, kuma jibi Litinin Farfesa zai sa masa hannu. Tun makonni kafin walimar ta kai tsohuwar kwamfutarta shagon cajin waya na yayanta Isa a Bodinga, ta kunna mai musun ta bar ta. Kwana tara sai ga jadawali mai abu shida. Ta rubuta wata 'yar manhaja da kanta ta sake gwada shi, amsa ba ta canza ba. In ta yi magana, shekara biyunta ta bi ruwa, ga gaba da mai sa hannu. In ta yi shiru, sunanta zai zauna a kan ƙarya. Ta kwafe jadawalin a takardar da ke jakarta, ta yanke shawarar ta nuna wa Farfesa, tana cewa a ranta malami ne, zai ji zafi amma zai janye.

A Shagari an kafa rumfa biyar, an kayar da sa biyu. Abin da ya fara ɓata mata rai robobin wanka ne da ake raba wa mata, kowacce da hoton Farfesa, a ƙarƙashinsa an buga jimlar gaba ɗayanta har da baka-bakanta. Wani maroƙi ya riƙe lasifika yana kiran "mai ashirin da bakwai, wanda yak kada Turawa da biyu", alhali ko za a yanka shi bai san biyun mene ne ba. Manyan malaman jami'a, waɗanda ta sha jin suna zagin Maniru a bayan ido, sun yi layi suna rungumarsa, hannuwansu duk maiƙon nama.

Da ƙyar ta same shi shi kaɗai a zaure, ya shiga canza hula. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa murna, ta miƙa takardar. Ta zaci zai nemi tabarau, ya zauna, ya ja biro. Ko gama warware ta bai yi ba, ya leƙa kusurwa ɗaya kawai.

Ya ce, "Mai abu shiddan na ko? Layi na ukku. Na gane shi tun watan azumi."

A watan azumin nan ne ya sa aka kashe mai musun. Ƙyama ta taso wa Bahijja, irin ta wanda ya kai loma baki ya taɓo gashi. Da jahilci ne da ta yafe. Mutumin nan shi ya koya mata cewa hujjar da ba ta cika ba ba hujja ba ce, har ya taɓa yaga mata shafi goma a kan rabin layi.

Ya tambaye ta wa da wa suka gani, ta ce babu. Ya yi mata bayani cikin taushin murya cewa duk duniya masu karanta irin wannan takarda ba su fi ashirin ba, kuma kowa na fama da nasa. In wani ya tono nan da shekara biyar, sai a buga ɗan gyara a shafin baya.

"Ranka shi daɗe, ai ba gaskiya ba ta."

"Bahijja, ke yarinya ta. Tashi mu tai waje, mutane na jira."

Ya zura takardar a aljihu ya fita. Ta bi bayansa tana haɗa kalmomin da za ta faɗa wa shugaban sashe ranar Litinin. Kafin ta kai rumfar mata ta ji sunanta a lasifika. Farfesa ne da kansa, yana shaida wa jama'a cewa shi ba mai cin haƙƙi ba ne: wannan gagarumin aiki shi da ɗiyar Malam Yahaya na Dingyadi suka yi, kuma ya sa a ƙara sunanta a takardar da ya aika mujalla. Ya nemi uban ya taso.

Malam Yahaya ya taso yana tuntuɓe da bakin riga. Mutumin da ko ranar rasuwar mahaifiyarta bai yi kuka a gaban mutane ba, sai ga shi yana share hawaye da hannun riga, hakimai suna miƙo masa hannu. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka tura wa Bahijja lasifika, ta dubi uban, ta dubi aljihun Farfesa, ta ce ta gode.

A hanyar komawa tsohon ya bar gaba ya dawo kusa da ita, da robar wanka a kan cinya, yana shafa rubutun da ba ya iya karantawa. Sun wuce mararrabar Mandera ya sunkuyo ya rage murya, ya ce gobe a masallaci za a tambaye shi, kuma shi ba ya son faɗin abin da bai tabbatar ba.

"Ɗiyata, abin ga da anka hwaɗi, gaskiya na? Dut duniya ba wanda yat taɓa yin irinai?"

"Gaskiya na, Baba."

Tunda ta yi wayo ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ta kuma zaci maganar za ta sarƙe mata a wuya. Sai ta fito sumul, ko gargada babu.