Yaren da Tsoho Ya Mutu da Shi

Shekara talatin Tsoho yana ga-ruwa a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, gwangwani biyu da sanda a kafaɗa, ba wanda ya taɓa jin ya jera magana goma. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi bayan an sauko daga Mina sannan bakinsa ya buɗe, kuma gara da bai buɗe ba. Ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba ma Barbarci ko Fillanci da wani maƙwabci zai tsinta ba. Wani yare ne mai tafiya daki-daki kamar ana daka, yana yi yana miƙa hannu sama.

Matarsa Sa'adatu kaɗai ta san tushen abin, ita ma sau ɗaya ya gaya mata, shekarar aurensu. Iyayensa sun rasu a hanyar hajji, a Sudan, yana ɗan shekara takwas. Limaman Nasara, waɗanda ake kira fada, suka tsince shi suka sa a makarantarsu. A cikinsu akwai wani dattijo da ba abin da yake so irin wasannin kwaikwayon da magabatansa suka rubuta wa 'yan makaranta tun shekara ɗari uku, da Latin, yaren cocinsu. Duk ƙarshen shekara sai yara sun yi ɗaya a gaban manyan baƙi. Tsoho ya fi kowa hadda, saboda haka shi aka ba Yusufu. Aka sa shi cikin ganga, wai rijiya, yana kiran 'yan'uwansa daga ciki. Kuskure ɗaya, bulala ɗaya. Bai shiga addininsu ba. Da ayarin Kanawa ya biyo ta garin, ya sulale ya bi su. Amma abin da bulala ta rubuta ba ya gogewa da sauƙi.

Ɗakinsu na kwano ne, kuma kwano ba ya riƙe asiri. Kafin kwana biyu unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce iskoki ne. Sai wani dillali da ya taɓa dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda ya saurara ta jikin bango, ya ce ai wannan karatun coci ne. Shi ke nan, magana zarar bunu.

Sa'adatu ta san mijinta ba mai tashi ba ne. Buri ɗaya ya rage masa a duniya, ya sha faɗa kuwa: a sallace shi a Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala, kusa da Nana Khadija. Don wannan ya ƙi komawa gida duk shekarun nan. Makara kuwa kafaɗun maza take so, ga shi ita da mijin ba su da ɗa, ba su da dangi.

Da hantsi Malam Mukhtaru, limamin unguwa, ya zo da maza huɗu don laƙƙana masa kalmar shahada. Ya durƙusa ya faɗa masa a kunne, a hankali, sau uku. Tsoho ya buɗe ido, ya ga maza tsaye a kansa sun kewaye shi suna leƙowa. Ya miƙa hannu.

"Firatiris!" in ji shi, da muryar yaro. Sauran haddar ta biyo baya, tiryan-tiryan, ba gargada.

Mazan suka ja da baya.

"Ya Hajja," Malam Mukhtaru ya ce, "ki gaya mana tsakaninki da Allah. Me mijinki yake karantawa?"

"Allah gafarta Malam, wallahi Musulmi ne. A bayanka yake salla. Ramadan nawa ya ɗauki ruwa a ranar nan da azumi a bakinsa?"

"Tayyib, na sani. Me yake faɗa?"

Ta ga gaskiya ce kaɗai ta rage mata, ta ɗauka gaskiya za ta fisshe shi. Ta kwashe labarin duka ta faɗa, har ganga, har bulala. Ta ce ba addu'a ba ce, wasa ne, labarin Annabi Yusufu ne, shi aka sa ya zama Yusufun.

"A'uzu billahi," wani ya ce. "Shi ya tsaya a matsayin Annabi? A gaban Nasara, suna tafi?"

Nan ta gane ta tsallake rijiya ta faɗa masai. Da ta yi shiru, da zato kawai suke yi.

Malam Mukhtaru ba mugu ba ne. Matsoraci ne, kuma yana da dalili. Ya ja ta bakin ƙofa ya rage murya. "Rabin unguwar nan ba mai takardar zama. In umda, mai unguwar da hukuma ta naɗa, ya ji mun ɗauki wanda ake zargi mun shiga da shi Harami, khalas, mota za a kawo a kwashe mu har jarirai. Da ya faɗi shahada ko sau ɗaya a gabanmu..."

"Yaro ne fa lokacin, Malam."

"Allah ya san wannan, Hajja. Hukuma ba ta sani ba."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa da ido don kada ya dube ta. Tsoho na ta kira a bayansu. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san ma'anar wannan wurin, don ya fassara mata a daren da ya ba ta labarin, suna dariya: 'yan'uwana, kada ku tafi ku bar ni a nan.

Ya cika bayan azahar. Ita ta yi masa wanka da ragowar ruwan gwangwaninsa, ta suturta shi da haramin da ya yi aikin hajji da shi. Iyakar abin da hannun mace zai iya ke nan. Ta zauna tana sauraron takun ƙafa, har inuwa ta karkata, lokacin da akan fita da gawa don a samu sallar la'asar.

Ta fito bakin ƙofa. Lungun ba kowa, kuma babu gida a cikinsa da randarsa ba ta sha ruwan Tsoho ba. Ta ɗaga murya, da Hausar da kowa ke ji.

"'Yan'uwa, kada ku bar shi a nan."

A gidan Malam Mukhtaru wani ya janyo taga ya rufe, a hankali, don kada ta ji.