Abin da Wayar Didi Ba Ta Nuna Ba

A gidanmu ba a tambayata komai. Tun da ido ya tafi suka ɗauka hankali ma ya bi shi. Ina wuni a baranda, waya tana karanta mini duniya a kunne, su kuma suna kewaye ni kamar turmi.

Ranar Laraba yayata Sanumaya, wadda nake kira Didi, ta shigo da gudu. Wata biyu ke nan ba mu ji muryar mijinta Jitman ba, tun da aikin ginin da ya kai shi ƙasar Larabawa ya tsaya. Yanzu ofishin ma'aikata ya fitar da jerin waɗanda za a dawo da su Kathmandu, kuma ga sunansa a ciki.

"Juma'a, jirgin safe!" in ji ta. "Kai Tikaram, janye ƙafa, mutum sai ka ce dasa shi aka yi."

"Didi, turo mini shafin in ji."

"Ka ji me? Suna ne da rana, na karanta ya fi sau goma."

Ta dai turo. Na san halin irin waɗannan shafuka. A kwamfuta jadawali yana da faɗi, a waya kuwa ba wuri, sai masu tsara shafin su ture gurbin ƙarshe can gefe inda ido ba ya kaiwa. Ƙa'ida ta ce abin da mai kwamfuta ya gani mai waya ma ya gani, amma wa ke bi? Ita muryar wayata ba ruwanta da gefe, duk abin da ke shafin sai ta faɗa.

Ta ce: Jitman Thapa. Juma'a. Jirgin safe. Sannan ta ƙara abin da Didi ba ta gani ba: gawa, dangi su zo da takardar shaida wurin karɓar kaya.

Sau uku ina maimaitawa. Na saurari sunan da ke samansa, fasinja. Na ƙasansa, fasinja.

Na kashe wayar na tura ta aljihu. Washegari gida ya cika. An niƙa shinkafa za a soya sel roti, wainarmu ta biki, maƙwabta suna tsokanar Didi wai ta wanke jan sarinta, zanen kwalliyarta, kamar amarya. Kowa ya duba a wayarsa, kowa ya ga suna da rana. Shekara da shekaru ina kwaɗayin in riga su sanin wani abu, ko da ɗaya ne. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, mutum ashirin suna dariya ina tsakiyarsu.

Da suka watse na lalubi bango har ƙofar kicin. Mai yana ƙara a kasko, Didi tana waƙa ƙasa-ƙasa.

"Didi, zo ki zauna. Akwai magana."

"Yau kuma kai ne da magana? Bari in kwashe wannan tukuna, Jitman ba ya cin wanda ya ƙone."

Na tsaya na jira ta kwashe.