Kwarkwaron da Ya Daina Kuka

"Saki sandar nan, Alwyn! Saki, ka miƙo mini hannu!"

"In saki? Ji shi fa, 'yar nan! Ji yadda yake kuka!"

Ruwan tafkin ya kai wa Noreen Rainbird iya cinya, sanyinsa na ratsa wandon roba har cikin ƙashi. Maƙwabcinta Alwyn Triffitt, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, yana zaune dirshan inda ƙafarsa ta zame, ruwa iya ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat. Amma hannunsa na dama yana sama riƙe da sandar fatsa. Sandar ta lanƙwashe, kwarkwaron zaren da ke gindinta yana ta ƙarrr, kifi ya ja ya nufi tsakiyar ruwa.

Ta zura hannuwanta ta ƙarƙashin hammatarsa, ta ja shi da baya har kan ciyawa. Zaren ya tsinke a hanya. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya buɗe ido ya dube ta.

"Kin sa na yi asarar kifi."

"Saura ƙiris kifin ya yi asararka."

A asibitin Launceston likita bai yi wani ɓoye-ɓoye ba. Zuciya ce ta gaji, kuma ba irin gajiyar da ake gyarawa ba. Wata ɗaya, ko biyu in an yi sa'a. 'Yarsa Robyn ta zo daga Melbourne washegari, kafin ta ajiye jaka har ta samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a Hobart.

"Baba, akwai masu jinya dare da rana. Tagar ɗakin ma tana kallon kogi."

"Akwai kifi a kogin?"

"Baba, don Allah."

"To ki kai musu tagar. Ni garinmu Miena zan koma."

Robyn ta fito baranda tana share hawaye. Noreen ta bi ta, ta tsaya kusa da ita. Ta ce, "Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa tasa. Na sha ƙirgawa. Ki bar mini shi."

"Anti Noreen, ba nauyinki ba ne."

"Nawa ne. Ke dai ba ki sani ba."

Abin da Robyn ba ta sani ba, shekara tara ke nan, lokacin da mijin Noreen ya rasu, wata huɗu ta yi labulen gidanta a sauke. Ba ta dafa, ba ta amsa waya. Mutanen gari suka yi ta ajiye mata miyar kabewa a bakin ƙofa har suka gaji. Alwyn bai taɓa kawo miya ba. Wata safiya ya yi ta bugun ƙofa kamar mai neman faɗa, da ta buɗe ya ce kafaɗarsa na ciwo, yana neman wanda zai riƙe masa ragar tsamo kifi. Ƙarya yake yi, kafaɗarsa lafiya lau. Ta bi shi ne don ya ƙyale ta. A bakin tafki ya damƙa mata sanda, ya nuna mata yadda ake wurga ƙugiyar da aka ɗaure wa gashin tsuntsu har ta zama kamar ƙwaro a kan ruwa. Da yamma ta yi, wani kifi ya cafke. Kwarkwaron ya fashe da ƙara a hannunta, ta ji wata murya tana ihu tana dariya, sai daga baya ta gane tata ce. Ranar ta ci abinci.

Suka dawo da shi gida cikin watan Disamba, rani ya shigo, ƙwari sun fara tashi a kan tafki. Robyn tana zuwa duk ƙarshen mako. Sauran ranakun Noreen ce, da safe ta kawo shayi da burodi, ta ba shi magani, ta zauna yana ba ta umarni.

Kwarkwaro arba'in da uku gare shi, jere a kan katako a bangon kicin, kowanne cikin 'yar jakar fata. Duk tsofaffi ne, wasu sun girme shi. Ba komai a cikinsu sai faifan ƙarfe mai haƙora, da ɗan harshen ƙarfe da ke bugun haƙoran, da siririn sifirin mai tura harshen. Ba birki irin na sababbi. In kifi ya ja, da tafin hannunka za ka tare shi, in ka yi sake ya ƙona maka yatsa. Alwyn ya san kowanne da muryarsa. Yakan rufe ido Noreen ta murɗa ɗaya, ya ce, "Na kakana ne wannan, ji shaƙewar muryarsa," ko ya ce, "Wannan 'yar tsiwar ce, daga Ingila ta zo, ba ta taɓa rufe baki ba."

Yanzu ya sa ta sauko da su duka kan tebur. Ɗaya bayan ɗaya suke warwarewa, su goge, su ɗiga mai.

"Ɗigo ɗaya na ce! Kina zuba masa kamar za ki soya ƙwai."

"Hannunka ke rawa, ba nawa ba."

In an gama da ɗaya sai ya faɗi sunan wanda za a ba, ta rubuta a takarda ta ɗaura a jaka. Matar da ke kawo wasiƙu, wadda ta fara koyon fatsa bara. Makanikin gari. Mai jinyar da ke zuwa duba shi ranar Talata. Wani mai tara irinsu ya bugo waya daga Sydney yana so a haɗa masa su duka, zai sa su a akwatin gilashi. Alwyn ya ce wa Noreen, "Ce masa ni ma akwati za a sa ni, ya ishe mu. Waɗannan ruwa za su."

Cikin mako uku katakon ya koma fayau. Saura ɗaya, wani baƙi mai nauyi, ba sunan kamfani a jikinsa. Noreen ta murɗa, ya juya shiru, ko ƙis bai ce ba.

"Wannan ya mutu," ta ce.

"Sifirinsa ya karye, tsufa ne. Mutum ɗaya ne zai iya gyara shi, wanda ya ƙera shi." Ya kau da kai yana kallon taga. "Neville Bye. Yana Bothwell."

Noreen ta ajiye tsumman hannunta. Kowa a Miena ya san labarin. Alwyn da Neville tare suka yi aikin tashar lantarki shekara talatin, tare suke fatsa, Neville ne ya ƙera wannan kwarkwaron da hannunsa ya ba shi ranar da aka haifi Robyn. Sai wata shekara Neville ya kama wani ƙaton kifi a gasar ƙungiyar masu fatsa, Alwyn ya miƙe a gaban jama'a ya ce da tana, tsutsar ƙasa, ya kama shi, ba da ƙwaron gashi ba. A wajen masu fatsar ƙwaro, gara ka ce wa mutum ɓarawo. Neville ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara ashirin da shida ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

"In ce masa me?"

"Ki ce masa kayansa ya lalace. Aikin banza ya yi."

Ta samu Neville a rumfar bayan gidansa, dogon tsoho mai sanda, gwiwoyinsa sun daina yi masa biyayya. Bai ce ta zauna ba. Ta ce masa sifirin ne ya karye don tsufa. Ya karɓi kwarkwaron, ya buɗe shi da farce, ya ɗaga sifirin ya duba a haske. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya ce miki tsufa ne ya karya wannan?"

"Shi."

"Maƙaryaci. Filaya ce. Ga sawun haƙoranta nan, sabo fil." Ya juya guntun ƙarfen a tafin hannunsa. "Jikin ya yi tsanani?"

"Abin da ya rage masa bai fi sati biyu ba, a ganina."

Neville ya ajiye guntun ƙarfen. Noreen ta san in ta koma hannu sake Alwyn ba zai tambaye ta ba, zai dai juya fuska bango.

"Malam Neville, ni ban san wa ke da gaskiya ba, ban kuma damu ba. Mutumin nan ya tsamo ni lokacin da na nutse. Abu ɗaya ya taɓa roƙona, shi ma bai iya roƙon ba sai da ya karya ƙarfe."

"Ki bar shi nan," ya ce. "Ki gaida gida."

Kwana biyu ba labari. Alwyn bai tambaya ba, amma duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai. Numfashinsa ya fara gajarta, ƙafafunsa suka kumbura. Noreen ta kira Robyn ta ce kada ta jira ƙarshen mako.

Rana ta uku da hantsi wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Alwyn yana baranda a kujera, an lulluɓe shi da bargo. Neville ya sauko da ƙyar, ya hau matakala uku kamar mai hawan dutse. Suka tsaya kallon juna.

"Kai, ka tsufa," in ji Alwyn.

"Kai kuma ka yi kama da kifin da ya kwana uku a rana."

"Ka gyara?"

"In gyara abin da ka karya da gangan? Ko ƙarya ba ka iya ba, Triffitt." Ya jefa masa kwarkwaron a cinya.

Alwyn ya ɗauka, ya ja zaren. Ƙarrr. Muryar ta cika barandar, kakkaura, mai daɗi, har Robyn ta leƙo daga kicin. Ya sake ja. Sannan ya ajiye hannu a kai, yana kallon ƙasa.

"Ba tana ba ce, Nev."

"Ni za ka faɗa wa? Ni na kama shi."

"Na san ba tana ba ce. Tun ranar na sani. Shekara biyu ina bin kifin nan, kai ka zo ka ɗauke shi da wurgi ɗaya. Baƙin ciki ne ya yi magana da bakina."

Neville ya jawo kujera ya zauna a hankali, ya jingina sandarsa. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi.

"Shekara ashirin da shida kafin ka faɗi kalma huɗu. Dama can kai ba ka da sauri." Ya ɗaga murya. "Noreen, gidan nan ba a ba baƙo shayi ne?"

Bai koma Bothwell ba. Robyn ta gyara masa ɗakin baya. Kwana biyar suka yi a barandar nan, daga safe har la'asar, suna musu a kan kifayen da suka mutu tun kafin a haifi rabin mutanen garin. Kullum kifin Neville ƙara girma yake, kullum Alwyn rage masa yake. Noreen da Robyn suna kicin suna jin su, wani lokaci su yi dariya, wani lokaci ɗaya ta riƙe hannun ɗaya.

"Rabon da in ji Baba yana dariya haka tun Mama na da rai," in ji Robyn. "Da na kai shi Hobart..."

"Da kin kai shi don kina son sa ne. Yanke mana kek ɗin nan."

A rana ta huɗu Alwyn ya kira Noreen, ya ɗora mata baƙin kwarkwaron a hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Naki ne. Wanda ya ƙera shi ya yarda. Kada ki rataye shi a bango, kin ji ko?"

Ta so ta faɗa masa abin da ta daɗe tana ajiyewa, na labule da miyar kabewa da ranar da ta ci abinci. Da ta buɗe baki, "Na gode, Alwyn," kawai ya fito.

"Ni ke da godiya, 'yar nan. Ki dai rage zuba mai."

Washegari Alhamis ce, wajen ƙarfe uku. Rana ta yi ɗumi, iska na kaɗa itatuwan turare a hankali. Da safe ya dage sai an sa masa takalmansa na fita, wai ya gaji da zama kamar majinyaci. Noreen ta fito da tiren shayi, Robyn na biye da ita. Neville yana tsakiyar labarin wata ambaliya, hannuwansa a buɗe yana nuna tsawon wani kifi, yana jiran a ƙaryata shi.

Ba a ƙaryata shi ba.

Kan Alwyn ya ɗan karkata gefe, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin cewa wani abu. Noreen ta ajiye tiren a ƙasa. Ta taɓa wuyansa, ta jira, ta sake jira. Sannan ta dubi Robyn ta gyaɗa kai. Robyn ta durƙusa ta kifa fuskarta a kan bargon. Noreen ta sa yatsu biyu ta rufe masa ido, ta gyara masa gashin da iska ta hargitsa.

Neville ya sauke hannuwansa a hankali. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wani tsuntsu ya yi kuka can wajen tafki.

Can sai ya kama hannun kujera, ya fara sauka ƙasa, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, yana nishi. Noreen ta miƙa hannu za ta tare shi, ya girgiza kai. Igiyar takalmin Alwyn na hagu ce ta kwance, tana jan ƙasa. Neville ya kama bakin igiyar biyu da manyan yatsunsa, ya daidaita tsawonsu, ya ɗaure, ya ja ya ga ya kamu. Sannan ya sa tafin hannu ya share ƙurar da ke kan takalmin.