Kusurwar Karatu a Shagon Tela

Babu yaron da ke faɗuwa jarrabawa don rashin ƙwaƙwalwa. Rashin tsari ne kaɗai ke kayar da shi. Wannan magana bincike ne ya tabbatar da ita, kuma Dokta, wani babban malamin jami'a, shi da kansa ya yi binciken, ya buga shi a ɗan littafi mai shafi arba'in da hotonsa a bango. Saboda haka da jami'a ta tashi taimakon makarantun da ke kewaye da ita, ba ta ɓata lokaci wajen kai musu benci ko alli ba. Tsari ta kai musu. Ta ɗebi ɗalibai talatin, ta ba kowa shuɗiyar riga mai tambari a ƙirji, ta raɗa musu suna Jakadun Ilimi, Dokta ya yi musu horon kwana biyu a ɗaki mai na'urar sanyi.

Dokokin tsarin uku ne. Kowane yaro ya samu kusurwa mai tebur da haske. Ya zauna a cikinta awa biyu kullum, a lokaci ɗaya. Kuma ya yi shiru, domin da ido ake karatu, ba da baki ba.

"Mai karatu da baki," in ji Dokta, "aku ne da takalmi."

Jakadu suka yi dariya, suka rubuta. Wadda ta fi kowa dariya wata 'yar aji uku ce da ke zaune a gaba, kuma tana da dalili. Uwarta wanki da guga take yi. Tun daga firamare har ranar da ta shiga jami'a, a tsaye ta yi karatunta gefen teburin guga, tana ɗaga murya, Inna na cewa "sake" duk inda muryar ta yi tuntuɓe. Ba ta taɓa gaya wa kowa a jami'a ba. A ganinta irin wannan abu mutum yakan bar shi a gida ne, kamar tsohon silifa.

Aka tura ta wata firamare a bayan tashar mota, aji shida, yara saba'in. Daga ranar kowa ya koma kiranta Jakadiya, yara kuma Anti. Malamin ajin, wani siririn mutum mai alli har a gira, ya nuna mata wata yarinya a benci na biyu.

"Kin ga waccan? Auta. Ita ce tamu ta bana. In makarantar kimiyya ta kwana za ta ɗauki mutum ɗaya a nan, ita ce. Sau ɗaya ake shiga jarrabawar, baɗi shekarunta sun wuce. Ki koya wa sauran duk abin da kika ga dama."

Jakadiya ta ji maganar, amma takardar da Dokta ya ba ta tana da gurbi na musamman: hoton kusurwar karatu ta ɗalibi mafi hazaƙa. Don haka ranar Litinin da yamma ta bi Auta gida.

Gidan shago ne, da ɗaki a bayansa. Shagon tsukuku, taga ɗaya, keken ɗinki a ƙarƙashin tagar, domin nan kaɗai rana take shigowa. Auta ta gaishe da mahaifinta, ta haye buhun ƙyallaye, ta buɗe littafin kimiyya ta fara karatu da ƙarfi kamar mai shela. Tela na taka keke, kansa a sunkuye. Can sai ƙafarsa ta tsaya.

"Kin tsallake."

"Ban tsallake ba, Baba."

"Kin tsallake, 'yar nema. Jiya tsakanin ciki da babban hanji akwai wani hanjin. Ina kika kai shi?"

Ta duba, ta yi dariya, ta koma baya. Tela ya dubi baƙuwa ta saman tabarau.

"Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, 'yata, amma abin da ya shiga kunnen nan sau biyu ya shiga ke nan. Da ana jarrabawa da kunne, da yanzu ni likita ne, ina ɗinke mutane maimakon wanduna."

Jakadiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙamshin yadi mai zafi ya bugi hancinta, har ta ji kamar Inna za ta ce "sake" daga bayanta. Ta san abin da take gani sarai. Da ta yi sallama ta juya, da ba wanda ya rasa komai sai takardar Dokta. Amma takardar na hannunta, gurabenta uku duk babu komai, ga kuma tambari a ƙirjinta. Ta gyara murya, ta yi musu bayanin kusurwa da lokaci da shiru. Maganar aku kaɗai ta bari, saboda ladabi.

Tela ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"To ashe cutar yarinyar nake yi. Ku ne masu ilimi. Yadda jami'a ta ce, haka za a yi."

Kafin ta tafi ya ja keken zuwa ƙuryar shago, ya tura teburin yankan yadi ƙarƙashin taga, ya share shi da hannun rigarsa. Ya ce daga ƙarfe huɗu zuwa shida keken ba zai ƙara motsi ba, zai riƙa aikin hannu, maɓalli da kalmasa. Auta ta zauna, haske ya sauka a kan littafinta. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Dokta ya nuna shi a taron mako, ya ce wannan shi ne abin da yake nufi.

Matsala ɗaya ta rage: leɓen Auta ya ƙi tsayawa. Amma littafin Dokta bai bar komai a baya ba. Shafi na goma sha bakwai ya ce wanda bakinsa ya ƙi yin shiru, ya ciji fensir. Jakadiya ta saya mata sabon fensir da kuɗinta, ta ji ta yi alheri.

Bayan mako biyar malamin aji ya tare ta a bakin ƙofa da takardun gwaji a hannu.

"Jakadiya, me kika yi wa yarinyata? A da tamanin take ci, yanzu sittin da ƙyar. Na tambaye ta, ta ce abin yana shiga ta ido ya fita ta ƙeya."

Jakadiya ta kai maganar ga Dokta. Ta same shi yana zaɓen launin bangon rahoton shekara.

"An san da wannan," ya ce, bai ɗago ba. "Yana shafi na ashirin da biyu. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ke dai kada ki karaya, sunanki yana cikin waɗanda nake tunani."

Ba ta tambayi tunanin me ba, amma ta fito da sauƙin zuciya, kuma sauƙin ya kai ta kwana uku. A rana ta huɗu ta tashi da niyya. Ta shirya maganar tun a mota: Baba, a mayar da keken, a bar ta ta yi karatunta yadda ta saba, ni ma haka na yi nawa. Ta isa wajen ƙarfe biyar. Ta taga ta hango Auta da fensir a haƙora, idonta a kan shafi, ba ya tafiya ko'ina. Can ciki Tela na zaune a duhu-duhu, ƙafarsa a kan matakin keke, hannuwansa a gwiwa. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mata yarinyar, wato kada ta yi ƙara, ana karatu.

Mutum ya yi maka biyayya haka, da wane baki za ka ce masa ka yi kuskure? Ta ɗaga masa hannu, ta juya a hankali don kada takalminta ya yi sauti.

Sakamakon jarrabawar makarantar kimiyya ya fito a ƙarshen zango. Malamin aji ya bi jerin sunayen da yatsa sau uku, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Babu sunan Auta. Ya wuce Jakadiya kamar ginshiƙi. A makon ne kuma rahoton shekara ya fito, da Auta a bango, haske a kan littafinta. Aka sanar da cewa Jakadiya ce jakadar da ta fi kowa, za a ba ta lamba ranar Asabar a babban zaure. Aka ba ta doguwar rigar taro, wadda aka ɗinka don wani mai tsawon ƙyauren gareji.

Ta ce wa kanta rigar ce za ta kai ta shagon. Ta ƙunshe ta a leda, ta isa ƙarfe huɗu da rabi.

Ba abin da ya canja. Teburin na ƙarƙashin taga, Auta na zaune a kansa ba littafi, tana juya guntun fensir da duk haƙora suka rarake. Ta ce "Sannu da zuwa, Anti," da wata ƙaramar murya da Jakadiya ba ta san ta da ita ba. Tela ya taso daga ƙurya yana lalube da hannu a bango.

"Maraba da 'yata. Kin ji abin da ya faru ko? Ina ta jin kunyar haɗuwa da ke."

"Baba, ni ce ya kamata..."

"A'a, bari in faɗa, ya fi mini sauƙi. Wata Laraba mai riga ya tsaya mini a ka, zai yi tafiya. Na taka keken. Bai fi minti goma ba, wallahi, amma na ga ta ɗago kai. Sau biyu ma aka yi haka, kada in yi miki ƙarya. Kin ce shiru, ban yi shiru ba."

"Baba, ba keken ba ne."

"Ke kin yi naki. Kin bar karatunki kin zo har nan, wa ya aike ki in ban da kirki? Mene ne a ledar?"

Maganar na bakinta, har da ta Inna da teburin guga. Ta dubi Auta, Auta na duban fensir. Sai ta ji kanta tana cewa riga ce, ta yi mata tsawo.

Ya sa ta saka, ya durƙusa da ƙyar, ya kalmashe bakin rigar yana soka allurai. Ya karɓa ya nufi ƙurya da ita.

"Baba, ka dawo wajen taga mana. Ai jarrabawar ta wuce."

"Jami'a ce ta kafa wurin nan, ba ta aiko a tashe shi ba. Ga 'ya'yan maƙwabta ma sun fara zuwa gani." Ya zauna, ya ɗaga allura sama yana neman kafarta. Zaren ya wuce ta gefe. Ya lasa, ya sake, ya sake wucewa. A karo na uku Auta ta taso, ta zura masa, ta koma mazauninta.

Ya fara ɗinki da hannu, domin shida ba ta yi ba. Ya kai hancinsa kusa da yadin kamar mai sansana shi.

"Af, 'yata, tun da ga ki. Akwai abin da ya tsaya mini a rai." Ya rage murya saboda kusurwa. "Jini ya fita daga zuciya ya tafi huhu. Nan muka tsaya ranar da kika zo. Daga huhun ina yake zuwa?"

"Zuciya yake komawa, Baba."

"Ashe komawa yake yi." Ya gyaɗa kai. "Wata huɗu ina tunanin inda ya shiga."

Da ya gama ta buɗe jaka. Ya ture hannunta da bayan nasa, bai ko dubi abin da ta ciro ba.

"Haba. Ke da kika yi mana wahala? Je ki karɓi lambarki da riga mai kyau."

Ya ninke rigar, ya sa mata a leda, ya raka ta bakin ƙofa. Sannan ya koma ƙurya, ya ɗora ƙafa a kan matakin keke, ya zauna yana jiran ƙarfe shida.