Alkamar da Ganyenta Ya Yi Ja

A gida "Likitar Ganye" suke ce mata don tsokana, tunda aikinta a cibiyar binciken noma shi ne jera tukwanen alkama a ƙarƙashin wata fitila. Fitilar tana fitar da irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, mai ƙona fata. Sai ta sa tabarau da safar hannu take shiga ɗakin.

Yawancin shukokin dafewa suke yi, ganyen ya kanannaɗe. Wani iri ɗaya ne ya fita daban. Da hasken ya taɓa shi, sai ganyen ya haɗa wani sinadari a fatarsa ta sama, ya yi jawur, hasken ya kasa ratsawa. Ta niƙa ganyen ta auna, ta sake aunawa. Murna ta hana ta jiran gwajin gona.

Kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, gonarsa a kan tudu take, inda rana ke gasa amfani duk shekara. Ta kai masa irin da ta tara.

"Kawu, wannan irin, rana ba ta iya masa komai. Amma ka gwada a gefe ɗaya tukuna."

"Likita guda ta kawo magani, in sha rabi?" Ya yi dariya. Ya shuka gonar kaf, tsohon irinsa kuwa ya ba Inna, matarsa, ta kai niƙa.

Alkama ta fito, ta yi ja. Gonakin maƙwabta suka ƙone ta baki-baki, ta Kawu ko gezau. Mutane har tsayawa suke kallo.

Ranar sussuka, ita da kanta ta zo gonar. Ta murza zangarniya a tafin hannu, ta hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tsabar da ta rage ƙanana ce, a motse. Ta murza wata. Haka. Nan ta gane: ƙarfin da shukar za ta zuba wa ƙwaya, wajen kare ganye ya ƙare. A ɗakin fitila kuwa ganye kawai take aunawa.

Ta durƙusa ta fara bayani. Inna ta katse ta.

"Ganyen za mu ci?"

"Ke, bar yarinya," in ji Kawu. Ya ci gaba da tattara buhunan da ba a cika ba.

Ɗan abin da take aika musu daga albashinta bai riƙe gidan ba. Shanun huɗa suka tafi, gonar ta koma hannun wani. Daga baya ta ji Kawu ya bar Inna a ƙauye, ya shigo gari yana gadin shagon siminti.

Ta same shi kan bencin da yake kwana a kai, gashin girarsa fari fat da ƙura, yana tari. Ta roƙe shi ya dawo wajenta da zama. Ya girgiza kai.

"Abu ɗaya za ki yi mini. In Innarki ta tambaya, ki ce ina da ɗaki."