Ranar da Aka Kashe Matatar Mai

Ranar da aka rufe tsohuwar matatar mai, kowa ya fito ban da Baba. Ina tsaye a bakin ƙofar kamfani da hular kwano a hannu, raina yana tafasa, don motar da za ta kai tsofaffin ma'aikata sabon filin sola ta cika, kujerarsa kaɗai ta rage. Sharaɗin a fili yake: wanda ya shiga motar nan za a koya masa sabon aiki ya ci gaba, wanda bai shiga ba ya zaɓi ritaya ke nan. Baba kuwa in aka ajiye shi a gida, ciwo ne zai kama shi. Mutumin da ko hutun sati aka ba shi sai ya kwance famfon kicin ɗin Mama ya sake ɗaurawa, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kamfanin nan ya daɗe a gidanmu. Kakana ya yi masa aiki tun bai wuce sayar da kananzir a gwangwani ba. Baba ya shiga da aka gina matata, ya ƙare ƙuruciyarsa cikin warin ɗanyen mai. Ni na zo a zamanin da aka yarda hayaƙin nan yana ɗumama duniya, aka ɗauke ni injiniya a ɓangaren sola. Ban ga laifin masu kamfanin ba, kuma ba su kori kowa ba.

Direba ya leƙo ta taga. "Injiniya, ina tsohon naki? Ko ya auri injin ne?"

Aka kwashe da dariya. Na roƙe shi ya ɗan jira, na nufi ciki ina shirya faɗan da zan yi.

Ɗakin kula da injuna ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a wurin ba. Fitilun allo duk a mace. Baba yana kan kujerarsa, rigar aiki a ɓalle har wuya, hannuwa bisa gwiwa.

"Haba Baba! Mota za ta tashi, kana zaune?"

"Mai karɓata bai zo ba, Uwata."

Sai na tuna ƙa'idar. A matata ba a tashi daga kujera sai wanda zai canje ka ya iso, ka faɗa masa halin kowane inji baki da baki, ya ce ya karɓa. Ranar da aka haife ni ma Baba bai je asibiti ba sai da mai karɓarsa ya zo, kuma har gobe Mama tana yi masa gori.

"Baba, babu mai zuwa. An kashe komai."

"Na sani. Ni na kashe na ƙarshe da hannuna."

"To, tashi mana."

"Na gwada," ya ce, bai dube ni ba. "Ƙafar ce ta ƙi."

Tausayinsa ya kama ni har fushin ya bi iska. A waje direba ya danna hon. Na kifa hular kwanona a ka, na zagaya na tsaya a damansa, inda mai karɓa yake tsayawa.

"Sannu da aiki, Malam. Yaya aka yini?"

Ya ɗago ya dube ni sosai. Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Lafiya lau. Famfo na ɗaya a kashe. Na biyu a kashe. Tankuna babu komai, bututun gas a rufe. Famfo na ukun nan..." Ya shafa allon da hannu. "Yana da taurin kai. Ba a yi masa tsawa, lallaɓa shi ake yi."

"Na ji. Na karɓa."

Ya miƙe, ya share kujerar da tafin hannu, ya juya mini ita. Ya fita bai waiwaya ba.

Niyyata in bi shi, amma sai na zauna. Kujerar da ɗuminta. Ta taga na hango shi yana tafiya a hankali, sannan da sauri, sannan ga Baba da furfurarsa yana ɗan gudu, abokansa suna buga jikin mota suna yi masa ihu. Motar ta fice, hawaye suka zubo mini.

Maigadi ya leƙo da kwaɗo a hannu. "Injiniya, za a kulle."

"Ɗan ba ni lokaci, Malam," na ce. "Yanzu na karɓi aiki."