Kwamfutoci Huɗu na Ɗakin Rajista

Da na koma aiki bayan hutun haihuwa, na samu Manaja da buƙata ɗaya. Kwamfutocin ofishinmu ashirin da huɗu ne, kuma dole a sabunta musu manhaja kullum kafin ma'aikata su iso ƙarfe takwas. Da can, shida da rabi nake zuwa in bi tebur-tebur ina danna makunni. Na ce masa yanzu zan iya tura wa kowacce ɗan saƙo daga gida, ta tashi da kanta, ni kuma in iso ƙarfe goma.

"A kashe fa suke kwana, Injiniya."

"A kashe, ranka ya daɗe. Amma katin da wayar intanet take shiga ba ya barci gaba ɗaya. Muddin akwai wuta a soket, kunnensa a buɗe yake."

"To, na ba ki mako biyu. In duk sun tashi, shi ke nan. In ko ɗaya ta ƙi, ki koma shida da rabi."

Ban yi masa dogon bayani ba. 'Yata watanta biyar, kuma tana da ciwon ƙirji. Kowace safiya sai an sa mata na'urar shaƙar magani na minti ashirin kafin ta sha nono, ba kuma ta yarda da hannun kowa a kan wannan sai nawa. Babanta direban motar ma'aikata ne, ƙarfe biyar yake fita. Gwaggonsa da take zama da ita mota biyu take hawa, ba ta isowa kafin tara. In aka ce shida da rabi, ban san wa zan miƙa wa yarinyar ba. Babanta yakan kira ta Darakta, wai ita take tsara wa kowa lokacinsa a gidan.

Ranar farko, ƙarfe shida, tana kan cinyata da robar shaƙa a hanci, na buɗe laftof da hannu ɗaya na tura saƙon. Sha takwas suka tashi. Shida shiru.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da rana. Ta sakatare, an canza mata kati ina hutu, ni kuma tsohuwar lambar nake kira, kamar mai buga ƙofar gidan da masu shi suka tashi. Na gyara lambar. Ta ɗakin taro, wani ya shiga saitin ciki ya kunna tsimin wuta, wanda yake hana katin ko ɗigon lantarki in an kashe na'urar. Na cire. Washegari ashirin suka amsa.

Saura huɗu, duk a ɗakin rajista, a jere jikin bango ɗaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne da rana lafiyarsu lau. Sai in kashe su a gaban masu su, in koma ofishina in tura saƙo, kafin in dawo fankar cikinsu ta fara juyawa. Na kashe musu saitin saurin tashi. Na sabunta manhajar katin. Na canza musu rami a akwatin da yake raba layi. Kowace safiya dai, ashirin.

"Naki na'urorin sun fi ni wayo," in ji Dogo, ɗaya daga cikin ma'aikatan ɗakin. "Sun san ba a tashin bawan Allah ƙarfe shida saboda aikin wani."

"Kai ko ƙarfe tara aka tashe ka sai an haɗa da ruwan sanyi," in ji Anti ba tare da ta ɗago ba.

Anti ita ce babba a ɗakin. Ta girme ni da kusan shekara goma, ita take fara zuwa, ita take rufe ƙofa. Sauran ukun ƙarfe huɗu suke tashi, ita sai biyar da rabi, don masu kawo takardu a makare.

Laraba ta mako na biyu Manaja ya tsayar da ni a bakin matakala.

"Nawa yau?"

"Ashirin."

"Juma'a fa jibi ce."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na koma ɗakin rajista da tocila na shiga ƙarƙashin tebur, wanda ya kamata in yi tun farko. Kwamfutocin huɗu duk a jikin doguwar soket ɗaya suke, tana kwance a ƙasa, makunninta mai jar fitila a kunne. A bayan kowace na'ura ƙaramar koriyar fitilar kati tana ƙiftawa. Na bi wayar intanet ta Anti da yatsa. Wajen taku ɗaya daga ƙasa na ji robar ta lotsa. Na haska. Rami biyu ne ƙanana a jere, an maimaita su sau biyar ko shida. Ɓera yankewa yake yi, wannan dannawa kawai aka yi. Akwai irinsu a jikin cokalin roba a gidana.

Na kira Gwaggo na roƙe ta ta ƙara min awa ɗaya da yamma.

"Ke dai aikin nan naki ba ya ƙarewa. To Darakta ta ce a gaya miki ba ta sa hannu ba."

"Ki ba ta haƙuri, Gwaggo. Akwai nono a firij, kwalba ta biyu."

Ƙarfe huɗu da kwata, bene ya yi tsit, na tura ƙofar ɗakin rajista. Anti tana kan kujerarta tana buga hatimi. Kwamfutarta a kashe. A ƙasa an shimfiɗa zani, wata yarinya mai kamar wata goma tana rarrafe ta wuce iyakarsa, ta nufi ƙarƙashin tebur. Jar fitilar soket a mace take, korayen ma haka.

Anti ta ajiye hatimin. Ba ta yi yunƙurin ɓoye komai ba.

"Shigo ki rufe ƙofar, Injiniya."

Na rufe.

"Auta ce. Gidan rainon da ke tsallaken titi sun koma tashi ƙarfe huɗu tun watan jiya. Babanta sai biyar da rabi yake biyowa. Awa ɗaya da rabi ce kawai."

A jikin allon sanarwa na ƙasa akwai takarda mai hatimin Manaja, wadda ta hana kawo yara ofis. Mu biyun mun san da ita.

"Ke kike kashe soket ɗin, Anti?"

"Jar fitilar take bi. Ranar farko na tsinto ta da yatsa a bakin ramin. Tun daga nan, da yaran nan sun tashi nake kashe tawa, in kashe ta ƙasa, in ƙarasa aikina da biro. Da safe in kunna kafin kowa ya zo."

"In za ki tafi fa?"

"In kunna wa wa? Ai a kashe suke." Ta dube ni da kyau. "Ko shi ne abin da yake ta wahalar da ke?"

Na ce shi ne. Na yi mata bayanin katin da kunnensa, da kuma abin da Juma'a take nufi a wurina. Ta dubi 'yarta, wadda ta kamo wayar ta kai baki.

"Wallahi ban haɗa su ba. Ina ganinki kina shiga kina fita, na ɗauka ciwon a cikin na'urar yake." Ta zare wayar daga bakin yarinyar. "Zan riƙa kunnawa in zan fita."

"Da goyo da jaka biyu da makullai, rana ɗaya za ki manta. Ni rana ɗaya ta ishe ni. Kuma ko kin tuna, ramin yana nan a ƙasa."

"To sai ki rubuta masa abin da kika gani. Ba zan ce kin ci amanata ba. Kowa nasa ya sani."

Na ce ta ɗauke yarinyar tukuna. Na sauka sito na ɗauko sukudireba, sukurori huɗu, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Na ɗaga soket ɗin na kafe ta a bango, sama da tebur, bayan allon kwamfutar Dogo, inda ko babba sai ya miƙa hannu. Na naɗe wayoyin wuta na ɗaure su a ƙarƙashin katakon, babu mai lilo. Na cire wayar da aka tauna na sa sabuwa, na bi da ita ta sama. Na manna baƙin tef a kan jar fitilar da korayen. Ni na san suna ci, ba sai yarinya ta gani ba. Minti arba'in aikin ya ci. Anti tana tsaye da Auta a kafaɗa tana miƙo min sukurori.

"Sauke ta mu gani," na ce.

Yarinyar ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta zauna, ta duba hagu da dama. Ba ta sami komai ba sai ƙafar kujera. Ta juyo ta dawo.

"Haƙora nawa?" na tambaya.

"Biyu a ƙasa. Na sama suna hanya, shi ya sa ba ta barin komai."

"Ki sa mata tsumma mai tsabta a firij, ki ba ta ta tauna."

"Ji yarinya tana koya wa uwar huɗu raino."

Alhamis ƙarfe shida, na'urar shaƙa tana huci, na tura saƙon. Ashirin da huɗu. Juma'a ma haka.

Rahoton da na kai wa Manaja layi uku ne: lambar kati ɗaya da aka gyara, saiti ɗaya da aka cire, da soket ɗin ɗakin rajista da take ƙasa ana kashe ta da yamma, yanzu an mayar da ita bango. Ya karanta, ya ɗaga tsohuwar wayar da na haɗa da takardar neman sabuwa, ya juya ta a hasken taga.

"Wannan kuma me ya same ta?"

"Haƙori ne, ranka ya daɗe."

"Ɓeraye sun dawo ke nan. A gaya wa mai shara ya zuba magani a ƙarƙashin teburan."

"Kada a zuba komai a ƙasan ɗakin nan. Na ɗage wayoyin duka, babu abin da za a sake taunawa. In an sake, ni za ka tambaya."

Ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya jefa wayar a kwandon shara, ya sa hannu.

"Litinin ƙarfe goma ke nan."

"Ƙarfe goma."

Da na fito na bi ta wurin mai shara na tabbatar saƙon magani bai je masa ba, sannan na kira Gwaggo na ce ta ci gaba da zuwa tara kamar yadda ta saba.